Tambaya da Amsa: Zoben da Ya Ƙi Ɓacewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Wasan dabo sha'awa ce kawai a wurina, bayan na taso daga aiki nake taɓawa. Na haɗa wata dabara ta ɓatar da zobe, roba ke fizge shi cikin hannun kwat. Sai dai wani zubin ya maƙale a wuyan hannu, wani zubin kuma a ji ƙararsa. Ina gyaran yake? Kuma in ta yi kyau, in yi mata rajistar mallaka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da tsawon robar, don galibi nan gizo ke saƙa. Nemi baƙar roba mulmulalliya, mai kaurin milimita 2, ka kafe bakinta da fil ta cikin kwat, wajen kafaɗa. Miƙe hannu sosai: ƙugiyar da ke ɗaya bakin ta tsaya santimita 6 zuwa 8 daga bakin hannun rigar, ta ciki. In ta fi haka tsawo zoben zai leƙo, in ta gaza za a ga kana kokawa da ita kafin ka maƙala shi.

Maƙalewar kuwa, cire agogo tukuna. Sannan kada ka saki zoben wuyan hannunka a lanƙwashe, sai ya miƙe, bayan hannu na kallon jama'a. Ƙarar kuwa, ƙarfe ne ke bugun ƙarfe. Naɗe ƙugiyar da salatif, ka raba fil ɗin da hanyar zoben.

Bar gwaji a madubi. Mutum kan ƙifta ido daidai lokacin da ya saki roba bai sani ba, sai ya ɗauka ya ƙware. Ɗauki kanka da waya ta gaba da ta gefe. Kuma idonka ya bi hannun da ake zaton zoben na ciki, don inda ka duba nan 'yan kallo ke duba.

Batun rajista, ba mu ba ka shawara ba. Sharaɗinta ka bayyana yadda abin ke aiki, kowa ya karanta. Wani mai wasan dabo, Horace Goldin, ya samu irin wannan takardar mallaka a Amurka a 1923 kan wasan raba mace biyu da zarto, sirrin ya zama na kowa. Ga shi jan abu da roba tsohuwar dabara ce. Rubuta naka tsarin da zane da kwanan wata, ka nuna wa tsofaffin hannu su gaya maka ko wani ya riga ka.