Shin yunwa ce ke kawo olsa?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka ce in ka yini a kasuwa ba ka ci komai ba sai ƙirjinka ya riƙa zafi, har mutanen gida suka ce yunwa ta sa maka olsa.

Yunwa tana tayar da zafin, amma ba ita ce tushen gyambon ba. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai, asid, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta kuma yake fara narkar da nama da wake. Abin da ke hana shi cin tumbin kansa wata majina ce mai kauri da ke lulluɓe bangon. Da ka ji ƙanshin miya ma, jiki ya fara zubo asid, sannan wani sinadari da tumbin ke fitarwa, mai suna gastrin, ya ƙara ingiza shi idan abinci ya sauka.

Abu biyu ne suka fi yaga wannan majina. Na farko wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, kuma wannan ne ya fi damuna, ganin yadda ake sayen su a kemis kamar gyaɗa.

Kanwa tana kwantar da zafin na ɗan lokaci kawai. Ka je asibiti a gwada ka. In ka ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, kada ka kwana a gida. Allah ya ba ka lafiya.