Dara a majalisa: yadda za ku rage musu

Malam, ka ce duk yammacin da kuka zauna dara da abokanka sai an tashi baram-baram, kana neman mafita.

Yawancin rikicin dara daga ƙa'ida yake tasowa, domin kowane gari da irin tasa. Ku daddale ta tun kafin a haƙa gurabe. Wadda aka fi sani: gurbi 30, layi 5 na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wani tsakuwa wani guntayen kara. Lokacin zubi ba a ci. Sai an gama zubawa ake matsa ɗa gurbi ɗaya, gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Jeren huɗu ba ci ba ne, kuma a nan aka fi samun gardama, don haka ku faɗe shi a fili.

Sai 'yan kallo. Wallahi sun fi 'yan wasan hura wuta, mutum na tunani wani ya miƙo yatsa yana nuna gurbi. A hana. Wanda aka cinye ya tashi, na gaba ya zauna.

Kuɗi kuwa kada ku bari ya shigo ko na shayi ne, caca ce, kuma tana raba abokai.