Yadda birran cimfanzi ke rayuwa bayan an daina gwaji a kansu

Kin tambayi yadda birran da aka kwaso daga ɗakunan gwaji ke wuni a mafakarsu. Misali mai kyau shi ne Chimp Haven da ke Luwiziyana a Amurka, wadda ta fara karɓar su a 2005.

Abu mafi wuya shi ne haɗa su rukuni. Birin da ya daɗe shi kaɗai a keji bai san gaisuwar 'yan uwansa ba, don haka sai an fara barin su suna ganin juna ta raga kafin a buɗe ƙofa. Gaggawa a nan cizo take jawowa. Wasu ma tsoron taka ciyawa suke yi, sun saba da siminti, kuma ba a tilasta musu.

Abinci kuwa, ana warwatsa ganye da 'ya'yan itace a fili don su yi ta nema. Akan gina musu wani abu mai kama da suri, a cusa abin lasa a ramukansa, su riƙa zura tsinke suna ciro shi. Dole a riƙa sauya kayan wasa, in ba haka ba sai su gundura, wasu su koma tsige gashin jikinsu.

Da yamma a ba su barguna su yi shimfiɗa. Tsofaffi kuma a riƙa duba zuciyarsu, domin ciwon zuciya ne ya fi kashe su.