Baba Fasto, Bin Yesu Da Nake Yi Ya Koma Al'ada Kawai, Yaya Zan Yi?

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni tela ce, ina da aure da yara biyu. A gidan Kirista aka haife ni, an yi mini baftisma tun ina budurwa, ina cikin Zumuntar Mata kuma ba na fashin sujada. Amma in na zauna na duba kaina sai in ga duk sabo ne kawai, wato al'ada. Duk daren shiga sabuwar shekara nakan yi alkawarin karance Littafi Mai Tsarki, kafin Janairu ya ƙare na watsar. Na gaya wa wata 'yar'uwa sai ta ce wai tsara lokaci aikin jiki ne, in bari kawai Ruhu ya bi da ni. Baba mene ne gaskiya?

AMSA: 'Yata sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Bari in fara da maganar 'yar'uwar nan don ita ce ta fi damuna, kuma ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, ina yawan ji a bakin matasa. Tana da gaskiya ta gefe ɗaya, tsari ba ya ceton kowa, Afisawa 2:8-9 ta ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya ba da ayyuka ba. Farisiyawa ma ai tsari ne da su har zakkar na'ana'a suna fitarwa amma Yesu ya tsawata musu a Matiyu 23:23 don sun bar adalci da jinƙai da aminci. To amma 'yar'uwar ta ƙarasa zuwa aya ta 10 ta Afisawa 2 ɗin mana, a can aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya. Kuma in kin lissafa 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5:22-23 na ƙarshensu kamunkai ne. Ruhun da ke ba da kamunkai ba zai yi gāba da wadda ta sa alam a waya don ta tashi addu'a ba.

Dubi Ubangijinmu kansa a Markus sura 1. Yini guda a Kafarnahum, ya koyar a majami'a, ya warkar da surukar Siman, da yamma duk gari ya taru a bakin ƙofa da marasa lafiya, ke kin san irin gajiyar nan. Amma aya ta 35 ta ce da asuba tun da sauran duhu ya tashi ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Luka 4:16 kuma ta ce ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba. Don haka sabo kansa ba laifi ba ne fa, kar ki raina zuwa sujadar da kike yi, matsalar ita ce sabon da ba ke kika zaɓe shi ba kuma ba ki san dalilinsa ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, niyya shawara ce da ake yankewa tun kafin lokacin ya zo. Daniyel yana saurayi aka kwashe su zuwa Babila zamanin Nebukadnezzar, Daniyel 1:8 ta ce ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Bai jira sai an ajiye naman a gabansa ƙamshi na dukan hancinsa sannan ya tambayi zuciyarsa ba. Kuma bai tsaya ga ƙuduri a ciki ba, ya je ya yi magana da mai lura da su ya kawo shawara a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Bayan shekaru da yawa da aka sa hannu a dokar hana addu'a ta kwana 30 zamanin Dariyus, ya hau ɗakinsa ya durƙusa sau 3 a rana kamar yadda yake yi dā ma. Ke da kanki ba kya sa almakashi a atamfar mutane sai kin auna kin ja alli, to haka ranarki take.

Yanzu mu shiga shagonki, don a nan ne gwajin yake ba a kujerar coci ba. Sati biyu kafin Kirsimeti, ɗinki ya taru har kan benci, ga ankon biki ga kayan yara, wata ta shigo da leshi ta ce Maman wane don Allah zuwa jibi. Kin san sarai ba zai yiwu ba amma bakinki ya riga ya ce ba damuwa, jibin ta zo ki ce ai wuta ce aka ɗauke. Ba wai kin tashi da niyyar ƙarya ba ne, ba ki dai shirya gaskiya ba. Ki yanke tun yau cewa ranar da kika san za ki iya ita za ki faɗa ko da kwastoma za ta ɗauki kayanta ta tafi, kuma ragowar yadi a ninke shi a sa a leda a mayar wa mai shi ko bai tambaya ba. Wannan shi ne i ɗinku ya zama i na Matiyu 5:37. Za ki rasa wasu kuɗi a Disamba kam, ba zan ɓoye miki ba. Amma yarinyar da ke koyon ɗinki a wurinki tana kallo, kuma maƙwabtanki na layin kasuwa waɗanda ba za su taɓa shiga sujada ba a nan suke karanta bishararki.

Batun karatu kuwa, ba ragwanci ne kaɗai ya kayar da ke ba, lissafin ne ya fi ƙarfin lokacinki. Littattafai 66 ɗin nan surori 1,189 ne, a shekara ɗaya sai kin yi fiye da sura 3 kullum ba fashi. Farawa 50, Fitowa 40, kin ga wajen ƙarshen Janairu daidai kike isa Littafin Firistoci da hadayu da dokokin kuturta, a nan mutane da yawa ke ajiyewa. Ki fara da Markus, surori 16 ne kacal. Sabon Alkawari duka 260 ne, sura ɗaya a rana kwana 5 a sati ta kai ki ƙarshe a sati 52. Ki zaɓi lokaci da wuri takamaimai, misali bayan yara sun tafi makaranta kafin ki buɗe shago, Littafi kafin WhatsApp. Ranar da aiki ya yi yawa akwai na saurare da Hausa a waya, ki kunna kina taka keke. Nakan tuna cikakken Littafi da Hausa sai a 1932 ya fito, iyayenmu da yawa da girmansu suka zauna ajin koyon karatu don su iya karanta shi da kansu, mu kuwa ga shi a aljihu.

Baiko ma haka, 1 Korantiyawa 16:2 ta ce ranar farko ta mako kowa ya ware gwargwadon samunsa, ba sai an fara waƙar baiko ki shiga lalube jaka ba.

Kada ki ɗauki duka a lokaci ɗaya, karatun safe da maganar ranar ɗinki sun isa na wata uku. Ki gaya wa maigidanki, in zai yiwu ku riƙa karanta 'yan ayoyi da yara kafin barci. Sannan ki nemi mace ɗaya a Zumunta wadda ta girme ki kuma ba ta yawo da magana, ki ba ta izini ta riƙa tambayarki ran Lahadi ina kika tsaya. In kin yi fashin kwana biyu ko sati kada ki koma sura ta 1, kada kuma ki jira wata sabuwar shekara, ki buɗe inda kika tsaya ki ci gaba. Ita ma 'yar'uwar ki kai mata Markus 1:35 ku karanta tare, da taushi ba da gardama ba.