Tallafin karatu ba shi da dillali

Daga Garwa: Malam, na gama digirin farko a fannin kwamfuta a Jami'ar Ngaundere. Wani a WhatsApp ya ce in tura masa sefa dubu 150, zai samo min gurbin bincike kan kare sirrin bayanai a Jamus, har da albashi. In tura?

Ƙanena, ko dala kar ka tura. Irin wannan gurbi akwai shi, shi ya sa ƙaryar take shiga kunne. A Jamus galibin masu digirin digirgir a fannin kwamfuta ma'aikata ne, duk wata ake biyan su, kuma tun da dokar GDPR ta Tarayyar Turai, mai kare bayanan mutane, ta fara aiki a Mayun 2018 ake neman masu iya gina manhajar da ba ta tona asirin mutane. Amma a shafin jami'a ake tallata gurbin, farfesa ke zaɓa da kansa, kuma digiri na biyu suke fara tambaya, wanda ba ka da shi tukuna.

Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Bara wata uwa ta kawo min takardar ɗanta a cikin leda, ta sayar da tumakinta uku ta biya. Ga hatimi ja, ga tambarin jami'a, amma adireshin da ya aiko ta na Gmail ne, sunan garin ma ba a rubuta shi daidai ba. Ku da kuke son koyon tsare bayanan jama'a, ku ne kuma ke tura hoton fasfo da takardar haihuwa ga mutumin da ba ku taɓa gani ba! DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, da Erasmus Mundus, shirin tallafin karatu na Tarayyar Turai, ba su da wakili a WhatsApp. Shiga shafinsu ka cike da hannunka. Duk wanda ya ce maka gurbi tabbas ne, ɓarawo ne.

Daga Marwa: Da Faransanci na yi karatu, Turancina bai nuna ba. In haƙura?

Haba 'yata, haƙuri tun yanzu? Duba cibiyar AIMS (cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka) da ke Limbe, nan cikin gida Kamaru: digiri na biyu ne a kimiyyar lissafi, su ke ɗaukar nauyin ɗalibi, kuma zama a can zai gyara miki baki. Akwai kuma reshen Jami'ar Carnegie Mellon a Kigali, inda Gidauniyar Mastercard ke tallafa wa ɗalibai. Ɗan abin da kika tara, ki ajiye shi don fasfo da jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Ki tambayi wadda makarantar ke karɓa kafin ki biya, domin sakamakon shekara 2 kawai yake yi.

Daga Kuseri: In sayi kwamfutar MacBook kafin in nema, don su ga da gaske nake?

Wa zai gan ta? Wadda ke hannunka ta isa. Canza mata batir, ka rubuta manhaja guda mai aiki ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Nan farfesan zai leƙa.