Rigar ƙarfen da ke ɗauke wa soja kaya: gaskiya ce ko haɗin kwamfuta?

Tambaya: Salam malam, barka da ƙoƙari. Wani bidiyo aka turo mana a guruf ɗin WhatsApp, soja sanye da wasu ƙarafa tun daga ƙugu har ƙafa yana ɗaga akwatin harsashi kamar ba komai, wai yanzu duk sojojin Amurka haka suke fita yaƙi. Da gaske ne ko haɗin AI ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin akwai shi, exoskeleton ake ce mai, wato ƙashin waje, amma batun duk sojoji na sawa kam an zuba gishiri ya yi yawa.

Yadda take aiki ba wani sihiri bane. Ƙarafan suna bin ƙafarka har ƙasa, jakar da ka goya nauyinta ta cikinsu yake bi ya sauka ƙasa maimakon kafaɗa da gwiwa, sannan akwai na'urorin jin motsi, dangin wanda ke juya hoton wayarka in ka karkata ta, su ke gaya wa ƴar kwamfutar ciki ga inda ka nufa sai inji ya tura ƙafar.

Kuma ba yau aka fara ba fa. Kamfanin General Electric ya fara haɗa wata mai suna Hardiman tun 1965, nauyinta kaɗai wajen kilo 680, ƙarshe ajiye ta aka yi don motsinta babu tabbas, ba a taɓa kunna ta gaba ɗaya da mutum a ciki ba. A 2009 kamfanin makamai na Lockheed Martin ya karɓi lasisin wata, HULC, da aka ce tana ɗaukar kilo 90, kusan buhun siminti biyu kenan, to amma da sojoji suka gwada ta sai aka ga mutum ya ma fi gajiya, don tana tilasta mai wani irin taku da ba nashi ba. Kamfanin Raytheon ma sun nuna tasu, XOS 2, a 2010, ƙarfi kam ba magana, sai dai da igiyar wuta take jone kamar dutsen guga, ina za ka je da ita a daji? Ita kuwa TALOS da rundunar musamman ta Amurka ta sanar a 2013 da ruruma sosai, a 2019 aka rufe shirin ba riga.

Sau da yawa kuma batir ne ke kayar da su. Kai da wayarka ba ta kai maka magariba sai ka nemo fawa bank, to ka ƙiyasta injin da zai yi ta tura ƙato da kayansa kwana uku a kan duwatsu. Ka ƙara batir nauyi ya ƙaru, nauyi ya ƙaru a sake neman batir, haka ake ta zagaye. In kuma caji ya ƙare ana tsakiyar ɓarin wuta rigar ta zama kaya ita ma.

Shiyasa yanzu aka rage buri. Lockheed ɗin sun koma ONYX mai taimakon gwiwa kawai, sannan a 2022 sojojin Amurka masu harba igwa sun gwada wata mai suna SABER da aka haɗa da jami'ar Vanderbilt, nauyinta bai kai kilo 2 ba, ba inji ba batir, roba ce mai miƙewa ke rage wa baya wahala in ana ɗaga harsashin igwa. Ni a ganina wannan ce mai hankali a cikinsu.

Tambaya: Malam ni dako nake a kasuwa, bayana ya fara ciwo, irin wannan zata min amfani?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya. Ta farar hula akwai, a Japan kamfanin Cyberdyne na yin wata mai suna HAL don marasa lafiya da masu ɗaga kaya, a Sin har hayar ƙanana ake bai wa masu hawan dutsen Tai. Amma mai injin tsada gare ta kuma in ta lalace ba mai gyara kusa da kai, marar batir ɗin ce ta fi kama da aikinka, ita ma ragewa take ba wai ta mai da buhu auduga ba. Ciwon bayan nan dai ka fara kai shi asibiti a duba tukun.