Shimfiɗar takalmi da ciwon gwiwa: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma shekara 3 ke nan gwiwarta ta dama na damun ta. An yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, likita ya ce guringuntsin ne ya cinye ta gefen ciki. Wani mai shago ya nuna mini shimfiɗar da ake sakawa cikin takalmi, wai semel, gefe ɗaya ya fi kauri. Ya ce jika 15, kuma cikin wata guda Inna za ta manta da ciwon. Kuɗin nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. In saya? Daga wata ɗiya a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Riƙe jikarki 15 tukuna.

Mai shagon bai ƙirƙiro abin daga kansa ba, akwai hikima a ciki. In mutum na tafiya, gefen gwiwa na ciki ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, shi ya sa can guringuntsi ke fara cinyewa, har ƙafar wasu tsofaffi ta lanƙwashe kamar baka. Sai masana suka ce a ɗan ɗaga gefen tafin ƙafa na waje da shimfiɗa mai tudu, domin nauyin ya karkata ya bar wurin da ya lalace. Da aka auna da na'ura, an ga nauyin ya ragu, amma kaɗan, kuma a wasu mutanen ko kaɗan ɗin bai ragu ba.

Da aka zo kan zafin da mara lafiya ke ji, sai labari ya sha bamban. A 2011 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Melbon na Ostiraliya da mutum 200. An ba rabinsu shimfiɗa mai tudu, sauran aka ba su shimfiɗa miƙaƙƙiya, aka bi su har wata 12. Ba a ga bambanci a zafi ba, ba a gani a lafiyar guringuntsi ba. A 2019 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓoɓi ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da irin wannan shimfiɗar. Wanda ya ce miki wata guda, to ciniki yake nema.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan Damagaram. Shimfiɗa sai da rufaffen takalmi take zama. Ki tambayi kanki, awa nawa Inna ke yi a yini da rufaffen takalmi a ƙafa? Iyayenmu silifa ce da takalmin fata buɗaɗɗe, a tsakar gida ma ƙafa ba komai. Kuma in kin lura, lokacin da take cije leɓe shi ne wajen sujada da zaman tahiya, da tsugunno a makewayi, da tashi daga tabarma. Duk waɗannan ba ruwansu da abin da ke cikin takalmin da aka tuɓe a bakin ƙofa.

Da ni ce, ga inda zan kai kuɗin. Takalmi da farko, mai igiya ko maɗauri, wanda ƙasansa ke da ƙwari kuma bayansa ya riƙe dunduniya. Ki murɗa shi da hannu biyu kamar mai matsar wanki, in ya murɗe ki ajiye. Masu binciken na Melbon sun gwada wannan ma da mutum 164 na tsawon wata 6, suka fitar a 2021, kuma masu takalmi mai ƙwari sun fi masu takalmi mai laushi samun sauƙi wajen tafiya. Ko na gwanjo ne a kasuwar Dole ya yi, sai dai ki juya shi ki duba, in dunduniyar ta ci gefe ɗaya, karkatar mai shi na farko za ki ɗora wa Inna.

Sai sanda. Na san za ta ce ita ba ta tsufa ba, ki lallaɓa ta. Tun da gwiwar dama ce, a hannun hagu za ta riƙe, mutane da yawa na juya wannan. Tsawonta ya kai wuyan hannu in tana tsaye, a sa mata roba a gindi saboda duwatsun Birni. Ki sama mata kujera don salla a ranakun da ciwon ya tashi, addini ya yi rangwame ga wanda ya kasa. Ɗaukar bido cike da ruwa kuwa, jikoki su karɓe ta.

Abin da ya fi duka aiki kyauta ne: ƙarfafa naman cinya. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafar, ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali, sau 10 safe da yamma. In tana da jiki, duk kilo 1 da ya ragu yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Maganin shafawa na diclofenac a farmasi ya fi ƙwayoyin masu talla aminci, domin waɗancan na cin ciki da ƙoda, balle ga mai hawan jini. In gwiwar ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, wannan wata magana ce daban, a tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ni tela ne, shekarata 55. Abokina ya sa shimfiɗar ya ce ya ji daɗinta. Zan iya sa baduku ya yanka mini? Daga Zango.

Amsa: Malam, ba na ƙaryata abokinka. Akwai waɗanda ke jin sauƙi. Dukawanmu kuma gwanaye ne, aikin ba zai gagare su ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin gefen da za a ɗaga. Mai ƙafar baka da mai gwame ciwonsu ba gefe ɗaya yake ba, in aka ɗaga inda bai dace ba an ƙara wa gwiwa kaya. Ka fara ganin likita ko mai gashin ƙashi na asibiti ya duba tafiyarka. In ya yarda, ka fara da awa 1 ko 2 a yini kana ƙarawa. Bayan wata guda in ba canji, ko idon sawu da tafin ƙafa sun fara ciwo, cire ta.

Tambaya: Ina da ciwon suga da ciwon gwiwa. An kawo mini shimfiɗa mai ƙurajen roba da maganaɗisu daga Kano. Daga wata Hajiya a Mirriya.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki sa ta. Maganaɗisu ba ya gyara guringuntsi, ƙurajen kuma haɗari ne gare ki. Suga na kashe jin ƙafa, abu zai goge fatarki ya zama gyambo ba ki sani ba. Shimfiɗar da ta dace da ke mai laushi ce, sumul, cikin takalmi mai faɗi. Kowane dare ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu da fitila, in ido bai kai ba ki sa yarinya ta duba miki.